Muryar Barau a Cikin Allura

An yi mata allura, ana cikin ja mata karyayyen hannu, Hure ta ji an yi gyaran murya a zaure. To ina zaure a asibitin Gaya? Ba ta tsaya tambaya ba. Gadon ya tashi da ita, ya bi ta saman gonakin gyaɗar ƙauyensu Toranke a hankali, ga Barau mijinta tsaye a kunya yana yi mata tsiyar ta cika gishiri a miya. Tun rasuwarsa fuskarsa ba ta ɓace mata ba, muryar ce ta gudu, ta neme ta har ta gaji. Yau ga ta garau, har da 'yar shaƙewar nan tasa ta mai cin goro.

Da ta farko, an ɗaure hannun da ta karya a bakin rijiya. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta kamo rigar Rauda, ma'aikaciyar jinyar, ta ce a ƙara mata allurar, ko rabi ne, ba su gama magana da Barau ba.

Rauda ta yi dariya, ta ga tsohuwa ba wasa take ba, sai ta zauna a bakin gadon. Ta ce jijiyoyin ƙwaƙwalwa ba a manne suke ba, akwai ɗan rata tsakaninsu, wani sinadari ne ke tsallakawa da saƙo ya shiga wata 'yar ƙofa. Allurar ketamin da aka yi mata tana toshe ƙofar ne, kamar tsumma a bakin tulu. Zafin hannu ya taso ya rasa hanya, labarin ido da na kunne ma haka. Ƙwaƙwalwa ta zauna ita kaɗai, sai ta shiga kwance kayan ajiyarta. Yanzu hanta tana ta narkar da maganin, zai fita a fitsari. In aka yi ta maimaitawa kuwa, mafitsara da tunani ne za su ji jiki.

"Ba zan ƙara miki ba, Inna. Kuma babu Baba Barau a cikin kwalbar nan, ruwa ne fari."

"To daga ina ya zo, 'yar nan?"

"Daga wajenki. Allura ba ta zuba komai, rufewa kawai take."

Haushi ya kama Hure, har aka sallame ta ba ta sake kula yarinyar ba. A motar Ajingi, hanyar komawa gida, tana ta juya maganar.

Bayan la'asar ta shiga ɗakin Barau, wanda ta daɗe tana kewayewa. Ta zauna a buzunsa, ta ja ɗankwali ta toshe kunnuwanta, ta runtse ido. Hannun na zogi. Da farko bugun jininta kawai take ji, sai kukan akuya can nesa, shi ma ya dushe.

Ta daɗe a haka. Can ƙasa-ƙasa, wani ya yi gyaran murya.

"Ina jin ka," in ji Hure. "Gishirin ne dai ko?"