Muryata a Wayar Mai Turare

Da na gama karatun Sifaniyanci na yi ta yawo da takarduna makaranta-makaranta har takalmina ya cinye, kowa sai ya ce babu gurbi. Yayata ce ta gaji da ganina a gida, ta samo min ɗaki a saman wani shagon gyaran waya. 'Yan bencina, allo mai tsaga, da fanka mai kuka kamar tsohuwar akuya. Na liƙa sanarwa a bakin bene, na zauna gadin benci. Ɗalibaina na farko su ne wata ma'aikaciyar jinya mai son fita aiki waje, da wani direba da barci ke kwashewa kafin mu gama gaisuwa.

Sai ga Mai Turare. Haka muke kiransa, don kafin ya hawo bene ƙamshinsa ya riga shi sallama. Saurayi ne tsaf-tsaf, waya biyu a hannu, ga ladabi kamar ya kwanta a taka shi. Bai tsaya shi kaɗai ba, abokansa ya kwaso min har wurin zama ya yi kaɗan. Ranar na kira Yaya ina dariya, na ce mata kakata ta yanke saƙa, na zama malama ta gaske.

Kuma wallahi suna da ƙwazo. Sai dai ba ruwansu da darasin cefane ko na tambayar hanya. "Malama, yaya ake cewa na yi kewarka?" "Malama, yaya ake cewa mahaifiyata tana asibiti?" Na ɗauka samartaka ce da yawan kallon fim. Mai Turare ya ce harshensa ba ya juyawa, in taimaka in riƙa naɗa masa jimlolin a waya da muryata, ya riƙa saurara a gida. Wane malami ne zai ƙi? Na naɗa. Ya ce in ɗan sassauta murya, ta fi shiga kunne. Na sassauta, ni 'yar wahala.

Wata rana da aka tashi aji ya ƙi fita, abokansa suka tsaya a bakin ƙofa.

"Malama, wata 'yar alfarma," in ji shi. "Akwai wani dattijo a can ƙasar masu Sifaniyanci, mutumina ne. Ki ɗan gaisa da shi, ki ce jikin Mama da sauƙi. Shi ke nan."

"Wace Mamar?"

"Ke dai ki faɗa. Ya matsa sai ya ji murya kai tsaye."

Kafin in rufe baki ya danna kira ya cusa min wayar a hannu. Sai na ji muryar tsoho, yana numfashi da ƙyar, yana kirana da wani suna da ba nawa ba. Murna kamar ta kashe shi. Ya ce kullum da safe saƙonnina yake saurara kafin ya sha magani. Ya tambaya ko an yi wa mahaifiyata aikin. Ya ce ya sayar da keken ɗinkin marigayiyar matarsa don a biya asibiti, kada in damu, har ya yi wa ɗakin da zan zauna fenti. Sannan ya maimaita min jimla guda cikin waɗanda na naɗa, da irin lanƙwasar da na yi mata.

Ƙyama ta kama ni, ta ajin, ta allon, har da ta bakina. Ashe duk wannan ƙwazo da nake tinƙaho da shi, ƙugiya nake wasa wa ɓarayi. Tir!

Na dubi Mai Turare. Murmushi yake, yana min alama da hannu in ci gaba. Da ya ga na ƙi, ya matso ya rage murya.

"Malama, mu ne ajin nan fa. In muka tafi, benci za ki koyar."

Gaskiya ya faɗa, ɗan banza. Na san zaman da na yi kafin zuwansu.

Na juya masa baya na riƙe wayar da hannu biyu. Na yi magana da Sifaniyanci a hankali, dalla-dalla, yadda nake wa sabon ɗalibi. Na ce, "Baba, ni malama ce. Matar nan babu ita. Babu wata uwa a asibiti. Kada ka ƙara turo komai."

Mai Turare ya fahimta sarai, ai ni na koyar da shi. Ya fara kokawar ƙwace wayar, na maƙale a jikin bango.

Tsohon ya ce, "Amma muryar taki ce?"

"Tawa ce, Baba."

"To ki ɗan ƙara magana, don Allah. Ko mene ne. Ba mai yi min magana a gidan nan."

Ban kai ga amsa masa ba Mai Turare ya fizge wayarsa ya kashe. Suka sauka bene suna zagina, ba wanda ya sake dawowa. Ajin kam na haƙura da shi. Abin da ya tsaya min a wuya, har gobe muryata tana cikin wayar ƙazamin nan, kuma na san in ta kira, tsohon zai ɗauka.