Harsashi Mai Faffaɗan Kai

Orval Stenberg yana share ɓurɓushin ƙarfe daga kan injin fiƙa sai wani baƙo ya turo ƙofar shagon, ya zube harsasan dalma uku a kan teburi.

"Maigida, an ce duk gundumar nan kai kaɗai kake gyara madanni, ƙarfen nan da ake danna harsashi da shi. Nawa yana yi wa kan harsashi shaida duk sanda na danna shi cikin ramin daidaita kauri. Ina son wanda zai zauna masa daram."

Orval ya ɗauki ɗaya ya juya shi a hasken taga. Kai faffaɗa, kafaɗa siririya, zoben mai guda biyu. Mazubin narkakkiyar dalma ɗaya ne tak yake fitar da wannan siffa, wanda Harlan, marigayi mijin ƙanwarsa, ya zana da hannunsa aka ƙera masa. Bayan rasuwar, da Orval ya nemi mazubin wajen ƙanwar tasa, Lorene, cewa ta yi ɓarayi sun shiga rumfa sun ɗauke.

"Ya sunan?"

"Dwight Kessler. Shanu nake kiwo a tsallaken rafi."

"Mazubin fa, ina ka samo shi?"

Baƙon ya sosa ƙeya. "Ba ni shi aka yi."

"Lallai mutanen tsallaken rafi akwai kyauta."

Orval ya zaɓi madanni mai ɗan girma, ya ƙwaƙule bakinsa a inji, ya cika shi da gam. Ya shafa wa kan harsashin giris don kada ya manne, ya saita shi a injin matsi, ya sauke hannun injin a hankali har dalmar ta nutse cikin gam ɗin. Duk wannan aiki rabin idonsa yana kan mutumin, wanda ke ta juya hularsa a hannu, ya ƙi yarda su haɗa ido.

"Sai ya ƙame. Je ka sha kofi ka dawo nan da awa guda."

Motar baƙon tana juyawa Orval ya rubuta lambarta a bayan wani ambulan. Lambar wayar 'yan sanda tana manne a bango, amma ƙanwarsa ya fara kira.

"Lorene, na ga ɓarawon mazubin Harlan da idona."

Sai ta tambaya, "Dogo ne, mai furfura a gashin baki?"

"Kin san shi ke nan?"

"Yaya, babu wanda ya saci komai. Ɓoyewa na yi."

"Ni kika yi wa ƙarya?"

"Bindigoginsa biyu ka ɗauka tun ba a mayar da kujerun makoki ba. Da na ce mazubin yana nan, ranar za ka zo. Abu ɗaya nake so ya rage mini."

"To yaya aka yi ya koma hannun wannan?"

"Tun bazara yake zuwa gidana cin abinci duk Lahadi. Na rasa ta inda zan fara gaya maka, shi ya sa na turo shi. Na san kana ganin harsashin za ka gane."

Orval ya ajiye wayar. Ya daɗe yana kallon ambulan ɗin kafin ya tura shi cikin aljihun teburi.

Da Dwight ya dawo, kofi biyu ne a hannunsa. Orval bai taɓa nasa ba. Ya kankare gam ɗin da ya tumbatsa, ya ɗaura madannin, ya danna sabon harsashi. Ya fito sumul, babu ko ƙwarzane.

"Ya zauna," in ji Orval. "Amma zubinka da saura. Dubi yamutsar nan a gefe, mazubin bai yi zafi ba ka fara. Da Harlan ya gani, tukunyar narka dalma zai mayar da su duka."

"Ina koyo ne, maigida."

Orval ya ƙare masa kallo tun daga takalmi har hula.

"Ranar Asabar ka zo da mazubin in nuna maka." Ya jawo kofin gabansa. "Idan mun gama ka koma da abinka."