Ruwan Zoɓo a Ɗakin Gwaji

A shekarar 1985 Dakta Sailuba Inuwa ta kama aiki a ɓangaren mata na wata jami'a da ke unguwar Malaz a birnin Riyad, tana koya wa 'yan ajin farko kimiyyar sinadarai. Mijinta Idrisu ya riga ta zuwa Riyad da shekara biyu, yana haɗa magani a wani asibiti a Shumaisi.

Sati huɗu da fara karatu, sinadaran gwaji ba su iso ba. Kamfanin da zai kawo su kullum sai ya ce bukra, wato gobe, goben kuma ta ƙi zuwa. Sauran malamai suka koma zana kwalabe a allo. Ɗaliban Sailuba kuwa, su talatin da biyu, sai hamma suke yi, wasu ma sun fara neman canjin fanni.

Ran wata Juma'a tana tace zoɓo a kicin, ta matsa lemon tsami, ta ga ruwan ya ƙara ja. Ta tsaya riƙe da rariya.

"Abban Huseina!" ta ƙwala wa mijinta kira. "Shagon mutumin Sudan ɗin nan, yana buɗewa bayan La'asar?"

"Lafiya? Baƙi za mu yi?"

"Talatin da biyu! Ka sayo mini zoɓo, da ruwan kal, da sabulu, da hodar da ake sa wa kek."

Abin da ta tuna tsohon abu ne. Mahaifinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, aiki ya kai shi kudancin Kaduna, don haka a kwalejin mishan ta 'yan mata ta yi karatu. Kiristoci su tafi coci da safe, su kuma Musulmi bakwai an ba su ɗaki guda na salla. A nan ta haɗu da Malama Rifkatu, wata doguwar mace mai tabarau, wadda ba ta taɓa soke darasi don rashin kayan aiki ba. Da zoɓo da kanwa da toka take koyarwa. Takan ce, "Halittar Ubangiji ce za mu duba, kowa ta wanke hannu ta buɗe ido."

Ran Asabar, farkon makon aiki a can, Sailuba ta shiga ɗakin gwaji da tulun roba. Ɗalibai suka rataye abayoyinsu suka zauna, suna kallon tana zuba jan ruwa a ƙananan kwalabe.

"Daktora, wannan ai karkade ne!" in ji wata mai suna Jauhara, da sunan da Larabawa ke kiran zoɓo. "Sha za mu yi?"

"Ɗiga masa lemon tsami tukuna."

Jauhara ta ɗiga, ruwan ya yi ja zur. Sailuba ta miƙa mata ruwan sabulu ta ce ta zuba a kwalba ta biyu. Nan take jan ya juye ya koma kore.

"Ya Allah!" Jauhara ta yi baya da sauri.

Sai ɗaki ya kaure. Wannan ta kawo ruwan famfo, waccan ta fito da turarenta, wata ta tatso madarar shayinta. Sailuba ta raba su huɗu-huɗu, ta ce duk wadda ta gane dalilin canjin launin, ita za ta koya wa sauran ukun. Ta bi tebur-tebur tana kiran kowace da sunanta. Har aka buga ƙararrawa babu wadda ta tashi.

Ana cikin haka ƙofa ta buɗe. Daktora Hissa ce, shugabar sashe, mace mai ƙarancin magana. Ta dubi kwalaben, ta dubi hannayen ɗalibai da suka rine, ta ce, "Ki same ni a ofis bayan Azahar."

Sailuba ta amsa da to. Kwangilar shekara ɗaya ce da ita, takardar iƙamarta ta zama a ƙasar kuma a hannun jami'a take. Ta yi salla, ta tafi.

"Wa ya ba ki izinin kawo kayan kicin ɗakin gwaji?" in ji Daktora Hissa.

"Babu. Na ga sati huɗu sun wuce a banza ne."

"A ina kika koyi wannan? Na duba takardunki, a Ingila kika yi digirin dakta. Ban san suna haka a can ba."

Sailuba ba ta san yadda za a ɗauki maganar mishan a wannan ofis ba. Amma ta ga babu abin ɓoyewa.

"Ba a Ingila ba ne. A wata kwalejin Kiristoci ce a ƙasarmu. Malamarmu ba ta ɗauki koyarwa aikin albashi ba, ta ɗauke ta amana ce da Allah zai tambaye ta. Kowace malama tana da ɗalibai goma da dole ta san sunansu da matsalarsu, manya kuma su koya wa ƙanana. Da Musuluncina na shiga, da shi na fito, amma yadda ake riƙe aji a wurinta na gani."

Daktora Hissa ta cire tabarau ta ajiye.

"Jauhara 'yar yayata ce," ta ce. "Jiya take kuka a gida sai an mayar da ita sashen adabi. Ɗazu ta tare ni a baranda da koren hannu tana yi mini bayanin sinadarai, ko numfashi ba ta ja." Ta yi murmushi, karo na farko da Sailuba ta ga haƙoranta. "Ina da mataimakan malamai tara, duk 'yan ƙasa, sabbin kammala digiri. Sun san littafi, ba su san aji ba. Ina so ki horar da su, ki kuma riƙe duk ɗakunan gwajin 'yan ajin farko. Zan rubuta wa shugaban tsangaya yau. Za ki iya?"

"Zan iya! Wallahi zan iya!"

A motar jami'a da ke mayar da malamai mata gida, Sailuba ta kasa zama wuri ɗaya. Ta zaro takarda ta hau tsara darasi na farko a kan gwiwarta, mota na girgiza, rubutun na karkacewa. Suna isa ta haye bene da gudu, abayarta na harɗe mata ƙafa.

Idrisu ya dawo daga aiki ke nan, yana cire takalmi.

"Sun kore ki?" ya tambaya, ganin yadda take haki.

"Sun ba ni malamai tara in koya musu koyarwa!"

Ya saki takalmin. "Ke? Wata biyu da zuwa?"

"Ni! Ranar Litinin za mu fara."

"To, alhamdu lillahi! Zauna ki ba ni labarin tun daga farko, kada ki tsallake komai."

Ta zauna a hannun kujera ta fara, amma kafin ta kai rabi ta sake miƙewa tsaye, don labarin ba ya faɗuwa a zaune.