Kujerun Motar Auta

Ranar da wurin aikin Auta suka tura ta kwas na wata huɗu, ni ta miƙa wa mukullin motarta. Yayanta yana tsaye yana murza hannu, ta tsallake shi.

"Baba, kai kaɗai na yarda da kai," in ji ta. "Ka riƙa tayar da ita sau ɗaya a mako. Shi ke nan."

Ita ce mota ta farko da ta taɓa kwana a ƙofar gidanmu a matsayin tamu. Kujerunta na fata ne masu launin madara, da taushi kamar kuncin jariri. Ni kuwa shekara ashirin da uku na yi ina shara da goge-goge a asibiti kafin na yi ritaya, kuma abin da na sani ɗaya ne: duk inda mutum ya zauna, akwai ƙwayar cuta. Wa ya san waɗanda Auta ta rage wa hanya? Wa ya san tarin da suka yi a ciki?

Washegari na ɗora ruwan zafi. Na zuba garin sabulu da maganin da muke wanke gadon majinyata da shi, na bi kujerun nan lungu-lungu. Da na gama sai na gangara da motar tsakiyar rana, na buɗe ƙofofi huɗu, don danshi ma cuta ne. Haka na yi jibi, haka gata, har ya zama aikin kullum.

Maman yara tana leƙowa ta taga.

"Malam, mota aka ba ka ajiya ko majinyaci? In ɗora mata ruwan shayi?"

Ban kula ta ba. Mutumin da bai taɓa aikin lafiya ba ba zai gane ba.

A wata na biyu fatar ta yi tauri, na ce tsafta ce ta kama ta. Sai wasu siraran layuka suka fito a kujerar direba. Da ilimina mai yawa na gane datti ne ya maƙale, na sayo burushi mai ƙarfi na ƙara himma. Ranar wata Talata, saura kwana biyar Auta ta dawo, na zauna zan tayar da injin sai na ji "ƙas" a ƙarƙashina. Na tashi a hankali. Kujerar ta dare tun daga tsakiya har baki, farin soso yana leƙena. Na duba sauran ukun, duk sun yi zane kamar ƙasan tafkin da ya ƙafe.

Na ja motar zuwa wurin mai ɗinkin kujeru a bayan kasuwa, wani tsoho mai gilashi ɗaure da zare. Ya shafa kujerar, ya shanshana yatsunsa, ya yi atishawa.

"Yallaɓai, shekarar motar nan nawa? Goma sha biyar?"

"Ko ɗaya ba ta rufe ba."

"Haya ake yi da ita? Ko awaki kuke ɗauka?"

Na ce masa kusan wata huɗu ba wanda ya zauna a ciki sai ni. Ya tambayi abin da nake shafa mata, na lissafa masa komai, har da shanyar rana, ina jiran yabo.

"Madalla," in ji shi. "Gishiri kaɗai ka manta. Da ka barbaɗa, da yanzu mun yanka mun ci."

Ya ce fata tana da maiƙo a jikinta, shi ke sa ta lanƙwasa ba ta karye ba. Ni na wanke maiƙon tas, rana ta ƙarasa aikin. Tsumma mai ɗan danshi da man fata sau ɗaya a wata uku, da inuwa, shi ne duk abin da take so.

"Da malalaci aka bar wa motar nan, da lafiyarta ƙalau."

Sabuwar fata irin wannan sai an aika an kawo, mako uku. Abin da yake da shi a hannu rigunan kujera ne, shuɗɗa masu furanni jajaye. Na ce ya sa.

A gida Maman yara ta zagaya motar sau biyu, hannu a ƙugu.

"Kai, ta yi kyau. Kamar falon kakata. Saura ka ɗinka wa idon Auta riga shi ma."

Kwana biyar ɗin nan abinci bai wuce mini da daɗi ba. Na shirya ƙarya kala-kala. In ce zafi ne. Ko in ce fatar jabu ce, kamfani ya cuce ta. Har na yi tunanin ɗora wa yayanta, sai na tuna ko gilashin motar ban bari ya taɓa ba.

Auta ta iso da hantsi. Ta gaishe mu, ta ajiye jaka, ta fita wurin motarta. Ta tsaya tana kallon furannin.

"Baba, wannan ado fa?"

Duk ƙaryar da na tara ta gudu ta bar ni. Na sunkuya da kaina na kwance igiyar rigar kujerar direba, na yaye ta. Ta sa yatsa a cikin tsagar, ya shige har gaɓa ta biyu.

"Sau nawa ka wanke?"

"Kullum."

"Har ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi," in ji Maman yara. "Da sanda ya fita."

Auta ta rufe baki da hannu, kafaɗunta suna rawa. Ban san ko dariya ce ko kuka ba, kuma ban tambaya ba. Can ta share ido.

"Sannu da ƙoƙari, Baba. Wallahi ko tiyata aka yi a cikin motar nan, ba wanda zai kamu da komai."

Ta miƙo hannu, na saka mata mukullin. Ashe kwas ɗin yana da zango na biyu, za ta koma bayan mako guda. Da ranar ta zo, na sa rigata mai kyau na tsaya kusa da ƙofa. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta wuce ta damƙa wa uwarta mukullin, matar da ko keke ba ta taɓa tuƙawa ba.

"Mama, in ya nemi tayar da ita, ki raka shi. Ki caje aljihunsa tukuna."