Digiri Casa'in da Bakwai

Kwamfutar ta sake mutuwa a karo na uku, daidai lokacin da hoton ginin ya kai rabi. Auta ta dafe kai. Ƙarfe huɗu na yamma za ta tura wa wani kamfani hotunan gidan da ta zana, kuma aikin farko ke nan da suka ba ta. In ta makara, ta san ba mai sake kiranta.

Ita ta jawo wa kanta. Don aiki ya yi sauri, ta ƙara wa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, gudu fiye da yadda masu ƙera shi suka saita, shi kuwa ya rama da zafi. Kwana uku ta yi tana zaɓen abin sanyaya shi. Ta auna akwatin kwamfutar da rula, ta sa mai shago ya sauko da kwali shida har ya fara haɗe rai, sannan ta ɗauko wani ƙato mai fanka biyu da bututun tagulla. Da safe ta ɗaura shi da hannunta. Sai ga gwaji ya nuna digiri casa'in da bakwai, har ya fi na da zafi.

“Auta, lafiya na ji kina magana ke kaɗai?”

Babanta ne a bakin ƙofa. Shekara talatin ya yi yana gyaran firij kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi, kuma tun daga nan ba abin da ya tsira a gidan, mai lafiya da marar lafiya. Ranar da ya ɗiga wa firintarta man keke wai don tana ƙara ne ta manna takarda a ƙofar: “Baba, don Allah kar a taɓa komai.” Ya yi dariya a lokacin, amma abin ya ci masa rai, bai ƙara tsallake ƙofar ba.

“Jabu suka sayar mini, Baba. Fanka na juyawa, zafi sai ƙaruwa yake.”

“In shigo? Hannuna a baya.”

Ta gyaɗa kai. Ta kunna gwajin, lambobi suka hau gudu. Baba ya sunkuya yana leƙe, hannun da ke baya ya yi haƙuri na minti ɗaya cur, sannan ya kai yatsa kan ƙarfen sanyayawar.

“Baba, takardar fa?”

“Takarda ba ta ce kar a gaisa ba. Taɓa nan ki ji.”

Ta taɓa. Sanyi ƙalau.

“To, ni ban san kwamfuta ba,” in ji shi, “amma na san zafi. In ciki na ci da wuta, ƙarfen nan kuma na shan iska abinsa, zafin bai iso shi ba ke nan. Akwai abin da ya shiga tsakaninsu.”

Ta kashe, ta kwance noti huɗu, ta ɗago ƙaton ta kifa shi. A gindinsa, ƙarƙashin man ɗaukar zafin da ta shafa da safe, wata leda ce shara-shara a manne, da jan rubutu mai cewa a cire kafin a ɗaura. Kunya ta kama ta har ta rasa inda za ta sa fuskarta.

“Kwana uku kina karatu,” Baba ya ce, yana danne dariya, “layi ɗaya ne ya gagare ki.”

“Kar ka gaya wa Mama.”

“Ni? Sai dai in ta tambaya. Kuma zan sa ta tambaya.”

Ta ɓare ledar, ta goge tsohon man, ta ɗiga sabo kamar ƙwayar wake, ta mayar. Baba ya riƙe mata tocila ba tare da an roƙe shi ba. Wannan karon lambobin suka hau, suka yi ta kai-kawo a kan saba'in da ɗaya, suka tsaya nan. Baba ya sake kai yatsa, ya ji ɗumi, fuskarsa ta washe kamar wanda aka yi wa haihuwa.

Uku da rabi hoton ƙarshe ya fito, ta tura. Daɗi ya cika ta, ta miƙe ta ɓalle takardar ƙofar ta dunƙule, ta jawo kujera kusa da tata.

“Zauna nan, Baba. Daga yau kai ne mai kula da zafi.”

Ya zauna a hankali yana lallaɓa gwiwa. Can ya gyara tabarau, idonsa ya sauka a kan firintar.

“Wannan fa,” ya ce, “har yanzu tana wannan ƙarar?”