Hanyar da Muka Gyara Har Ta Ɓaci

Tun da aka cire hawan Ekster daga hanyar Babban Tseren keke, ƙauyenmu bai ƙara zama daidai ba. Ekster ɗan tudu ne mai hanyar daɓen duwatsu, gidanmu ne na ƙarshe kafin ƙoli. A da, duk ranar tseren bazara, ta ƙofarmu mahaya keke ke wucewa suna nishi, fuska duk taɓo. Sai duwatsun suka lotsa, ramuka suka yi yawa, masu shirya tsere suka ce karaya ta ishe su, suka karkatar da hanya ta ƙauyen maƙwabta. Har yau mutanen can in za su gaishe mu sai sun haɗa da wani murmushi mai sa hannun mutum ƙaiƙayi.

Bara mijina Staf ya samu shanyewar ɓarin jiki. Muka sauko da gadonsa falo, jikin taga. Ƙirjinsa ma ya yi rauni, likita ya ce ko da wasa kada a fitar da shi cikin sanyi da ruwan bazara, don a ƙasarmu bazara da sanyi take zuwa. Harshensa ya yi nauyi, amma da an taɓo zancen keke sai ka ji ya saki.

Wata safiya ina ba shi kofi, ya daɗe yana kallon hanya.

"Lieve," ya ce, "so nake in ƙara ganinsu ta nan. Ko sau ɗaya ne."

Kuka ne ya taso mini, ni kuwa ba na kuka gaban Staf. Na ɗauki mayafina na gangara shagon Leontine, inda mazan ƙauye ke shan giya suna gyara duniya.

Na tarar da su kan gardamar da suka saba. Odiel, ƙanin Staf, ya kafe cewa baɗi babu mai kamo Thorsager, ɗan Denmak ɗin nan mai dogayen ƙafafu. Tsoho Firmin kuwa yana dukan tebur, wai ɗan ƙasarmu Balcaen ne zai lashe.

"Balcaen?" in ji Odiel. "Wanda in ya hango tudu yake neman uwarsa?"

"Kai dai rufe mana baki," in ji Firmin. "Ɗan Denmak ɗinka a kwalta ya iya taƙama. A ba shi dutse da ruwan sama ka ga yadda zai zama jiƙaƙƙiyar kaza."

Na ce, "Ku dube su! Kuna ta rabon nasara, alhali ko hanyar ba ku da ita. A talabijin za ku kalla, kamar mutanen da ba su da tudu."

Na faɗa musu abin da Staf ya ce. Firmin ya cire hularsa ya mayar. Kafin Leontine ta sake cika kofuna an gama shawara: za mu gyara Ekster da hannunmu, mu gayyato mai zana hanyar tsere ya zo ya gani.

Duk zafin shekarar nan a kan gwiwa muka yi shi. Mu tono dutse, mu zuba yashi, mu mayar, mu daddaka. Firmin ya kawo igiya da katako yana auna kowane layi, in dutse ɗaya ya ɗago kai sai an sake shi. Mata muka bi da tsintsiya muna cike tsakani. Ni ce kuma na kafa doka cewa babu taraktar da za ta ƙara hawa Ekster. Dokar nan kuwa mutum ɗaya ta shafa, Odiel, don gonarsa ta dankali a bayan tudun take, dole ya riƙa zagaye.

"Matar Yaya," ya ce, "yaushe aka naɗa ki sarauniyar duwatsu ban ji ba?"

"Ranar da kake barci. In na ga tayar taraktarka a nan, kai da ita zan haɗa."

"Allah ya ba Yaya haƙuri," ya ce. Ya tafi yana gunaguni, amma washegari shi ya fara isowa da shebur.

Da muka gama, kai, hanyar ta yi kyau! Sumul, kamar tsakar coci. Har hoto muka ɗauka.

Mai zana hanyar ya zo farkon kaka. Tsohon ɗan tsere ne, siriri, hancinsa a karkace saboda tsohuwar faɗuwa. Ya sauke kekensa daga mota, ya hau Ekster a zaune, ko miƙewa bai yi a kan feda ba. Ya sauko, ya sake hawa, wannan karon da hannu ɗaya. Muna tsaye a jere muna jiran yabo.

"Wa ya yi muku wannan aiki?" ya tambaya.

Firmin ya turo ƙirji. "Mu da kanmu."

"To sannunku. Amma me zan yi da ita? Ni wurin da zai tarwatsa ayari nake nema, inda mai ƙarfi zai bar rago a baya. Wannan ai kakata za ta hau ta da kwandon burodi. Cewa muka yi ku toshe ramukan da ke karya mutane, ba ku cire mata haƙora ba."

Ya sha kofi ɗaya a shagon Leontine, ya ce ba a rufe zanen ba tukuna, ya ja motarsa. Mu da muka tashi a kan duwatsun nan, mu ne muka manta abin da ya sa ake son su. Kunya ta hana kowa kallon ɗan'uwansa. Odiel kaɗai ke dariya, har yana riƙe ciki.

Kwana na yi ina haɗiye girman kaina, ya ƙi wucewa. Da safe na sami Odiel a rumbu yana ɗaura wa taraktarsa tirela.

"Odiel."

"Na'am, ranki ya daɗe."

"Ka bi ta Ekster yau."

Ya kama kunnensa. "Kunnen nan nawa ya fara tsufa. Me kika ce?"

"Na ce ka bi ta Ekster, ɗan nema! Kuma ka cika tirelar."

Lokacin haƙar dankali ne, ruwa kuwa kamar an buɗe famfo. Odiel ya yi ta hawa da sauka da kaya niƙi-niƙi, har maƙwabta biyu suka kawo nasu taraktocin. Firmin ya tsaya a gefe yana kallon layukansa suna karkacewa, kamar wanda ake rushe wa ɗaki. Staf kuwa daga taga yake ba da umarni da hannunsa mai lafiya, a ƙara bin gefen hagu, tsakiya ta yi tozo. Rabon da in ga fuskarsa haka tun kafin ciwon.

Da mai karkataccen hanci ya dawo, bai kai rabin tudun ba tayarsa ta baya ta zame, ya dire ƙafa cikin taɓo. Ya ƙunduma ashar. Sannan ya yi murmushi, ya tafi.

Ranar da za a bayyana hanyar baɗi, duk ƙauye muka taru gaban talabijin ɗin Leontine. Na bar Staf da ƙanwata, don likita ya hana shi hayaniya. Jan layi ya fara tafiya a kan taswira, yana bin garuruwa ɗaya bayan ɗaya. Firmin da Odiel na ta cacar baki kan inda Balcaen zai gaji. Sai ga sunan Ekster ya fito ɓaro-ɓaro. Ihu! Firmin ya rungume Leontine, ta ture shi da tire. Ni ma na daka tsalle, da tsufana.

Odiel ne bai tashi ba. Ya matsa jikin talabijin, ya sa yatsa.

"Matar Yaya, zo ki ga."

Layin ya hau Ekster, amma bai kai ƙoli ba. Daidai ƙaramin ɗakin addu'ar da ke tsakiyar tudun ya karya hagu, ya bi hanyar gonaki. Mai bayani ya ce saman ya yi wa motocin tsere ƙunci. Kwanar tana ƙasa da gidanmu, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba, amma ba ta ƙofarmu za su bi ba.

Na hau gida a hankali. Kafin in yi magana na zauna bakin gadon Staf, na sunkuya daidai kansa, na duba ta taga. Kwanar ba ta ganuwa. Abin da ke tsakani shi ne lambun Odiel, da jerin itatuwan fiya da mahaifinsu ya dasa tun suna yara. Odiel ba ya barin kowa ya taɓa ko reshe, shi ke yi musu aski da kansa duk hunturu.

Ban iya yi wa Staf ƙarya ba, ban taɓa iyawa ba. Na faɗa masa yadda abin yake. Ya gyara bargo da hannunsa.

"Ba komai, Lieve," ya ce. "Ai zan ji ihun."

Wannan magana ta fi mini ciwo fiye da a ce ya yi faɗa. Na shiga kicin na yi ta wanke tukunyar da ba ta da datti.

Washegari ina dafa kofi na ji ƙarar zarto. Na fita da silifas. Itace biyu sun riga sun kwanta a ciyawa, Odiel yana kan na uku.

"Kai, Odiel! Ka haukace ne?"

Ya rage ƙarar injin. "Tsutsa ta cinye su. Da ma na daɗe ina son sarewa."

Na dubi kututturen. Fari tas, lafiyayye, ko ɗigon ruɓa babu. Ya ga na gani, ya kau da kai.

"Ki daina tsaya mini a ka kamar mai bin haraji. Je ki tambayi Yaya, ya hango kwanar ko in ƙara?"

Na koma ciki. Staf ya ja jikinsa ya jingina da filo, abin da ba ya yi sai an taimaka masa. Ta gurbin da itatuwan suka bari ana ganin farin bangon ɗakin addu'a, da kwanar, da duwatsunmu karkatattu suna sheƙi da ruwa.

"Gaya wa wawan nan ya tsaya haka," ya ce. "Na gani. Kada ya ƙarar da itatuwan Baba."

Na buɗe taga na ƙwala kira, ƙarar zarton ta danne muryata. Sai na ɗaga tawul ɗin da ke kafaɗata ina kaɗawa. Odiel ya kashe zarton. Ya tsaya cikin rassan da ya sare, ya hango yayansa a kan gado, ya ɗaga masa hannu. Staf ya ɗaga nasa mai lafiyar, ya daɗe bai sauke ba.