Inna Daso Ta Wanke Falo

Da sassafe Bamalli ya kwashe kujerun falo kaf, ya ɓanɓare tsohuwar leda, saboda washegari za a shimfiɗa daɓen katako. Yana tafiya aiki Abuja, mahaifiyarsa Inna Daso ta leƙo, ta ga siminti duk datti.

"Baƙi su tarar da gidan ɗana haka? Ba dai ina raye ba!" Ta kwarara ruwa bokiti shida, ta wanke falon tas.

Da Suhaibu kafinta ya zo, ya dafa simintin, sai ya fashe da dariya. "Inna, katako ba ya shiri da danshi. Sai bayan sati guda."

Bamalli ya dafe kai. Inna ko a jikinta.

Satin nan babu falo, babu talabijin. Kullum da yamma a tsakar gida aka baje tabarma, ana cin tuwo, Inna tana ba su labarin Suleja ta dā, jikokinta na ta ƙyaƙyatawa. Rabon Bamalli da irin wannan hira tun yana saurayi.

Ana gobe kafinta zai dawo, ya tsaya ƙofar falo yana sosa ƙeya.

"Inna, anya wurin nan bai sake yin datti ba?"